Daga Bencin Ƙarshe

A makarantarmu ba a zaɓar wurin zama, jarrabawa ce take zaunar da mutum. Duk ƙarshen zango malamin aji zai sa mu kwashe jakunkunanmu mu fita baranda, shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa yana kiran mu ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta zo ta ɗaya ta shiga ta zauna a bencin gaba jikin taga, ta biyu a gefenta, haka za a yi ta jerawa har a dangana da bangon baya. Shugabar makaranta ce ta kawo tsarin tun kafin zuwanmu. Ta ce duk mai son gaba ta neme shi da guminta. Mu kuwa sai muka raɗa wa gaban aji Birni, bayan kuma Ƙauye.

A ƙarshen shekara abin ya fi tayar da hankali, domin sabon aji ake kiran mutum ya shiga. Waɗanda aka bari tsaye a baranda su ne za su maimaita. Wadda kuma aka bari a baranda sau biyu, sai dai ta wuce gida gaba ɗaya.

Ajinmu dogo ne ƙwarai. Da can ɗakin taro ne, da ɗalibai suka yi yawa aka zuba benci aka mayar da shi aji. Allon ya tsufa ya yi fari-fari, sai mun shafa masa baƙin tsohon batir kafin alli ya fito sosai, kwana biyu kuma ya koma gidan jiya.

Ni ce ta jikin taga. Tabarau ake ce mini, saboda tun ina firamare nake saka shi. Ban iya gudu ba, ban iya faɗa ba, in malami ya kira ni ko na san amsa sai harshena ya yi nauyi. A takarda kawai nake da baki.

Doguwa kuwa a bencin ƙarshe take, can ƙuryar Ƙauye, kusa da inda muke jingina tsintsiya. Layinmu ɗaya da ita. Ta riga ni shiga makarantar da shekara guda, aka bar ta a baranda bara, shi ya sa na tarar da ita. Kullum da safe za ta tsaya a ƙofar gidanmu ta ƙwala kira:

"Tabarau! Ajiye littafin nan ki fito, ba gudu zai yi ba!"

In mun zo tsallaka babban titi sai ta damƙe hannuna tamau, ba za ta saki ba sai mun haye. Ni kuma in ji daɗi, ina ganin kare ni take yi.

Yadda aka yi ta koma baya ba wani abu ba ne. Sababbin ɗalibai ba su yi jarrabawa ba tukuna, don haka a zangon farko da tsawo ake zaunar da su. Ita kuwa ta fi kowa, aka ce ta je baya kada ta tare wa mutane allo. Ta faɗi jarrabawar farko, aka bar ta a wurin. Tun daga nan ba ta sake matsawa ba.

Abin yana ɗaure mini kai, domin Doguwa ba daƙiƙiya ba ce. In malamar tarihi ta ba da darasi da baki, a hanyar gida za ta maimaita mini shi tsaf, har da irin tarin da malamar take yi a tsakiyar magana. Amma lissafi da kimiyya, duk abin da sai an rubuta a allo, ba a cewa komai. Daga littafin ta gefenta take kwafa, ita ma ta gefen daga wata ta kwafo, kafin darasi ya isa ƙuryar nan bakwai ta zama ɗaya, ragi ya zama tarawa.

Malamin lissafi shi ne malamin ajinmu. Malam Kun-Gane muke ce masa a ɓoye. Rubutunsa ƙanana ne kamar jerin tururuwa. Zai ba mu baya ya cika allo taf, sannan ya juyo ya tura tabarau ɗinsa sama da yatsa ya ce, "Kun gane?" Mu haɗa baki, "Mun gane, Malam!" Ba mugu ba ne, ko bulala bai cika riƙewa ba. Sai dai ya yarda da tsarin benci har cikin ransa. In ya hango baya sai ya girgiza kai ya ce, "Mutanen Ƙauye, yaushe za ku shigo gari ne?"

Wata rana a zango na ƙarshe shara ta faɗo kanmu ni da Doguwa. Kowa ya watse. Na kaɗe dasta a jikin bango, ƙurar alli ta cika mini ido, sai na cire tabarau ɗina na miƙa mata na ce ta riƙe mini in wanke fuska a famfo. Ina fita na ji tana kwaikwayon muryata.

"M-m-malam, amsar ita ce, ita ce, wayyo cikina!"

Da na dawo na same ta tsaye a jikin bangon baya, tabarau ɗina a fuskarta, tsintsiya ta faɗi a ƙasa. Ba ta dariya.

"Ke, ba ni abina," na ce.

Ba ta motsa ba. Sai na ji tana karantawa a hankali, kamar mai tsoron kada abin ya gudu. Ragowar aikin Malam ne da ban gama gogewa ba. Ta karanta layi na farko, ta karanta na biyu. Ta ɗaga tabarau ɗin ta kalli allo, ta mayar, ta sake ɗagawa.

"Tabarau," ta ce, "daga nan ana ganin allo?"

"Ana gani mana."

"Kowa da kowa? Har su waɗanda muke zaune tare?"

"To da me suke kwafa?"

"Na zaci cinta suke yi." Ta zauna a kan bencinta daɓas. "Wallahi na zaci hukuncin ke nan. Na ɗauka shi ya sa ake kai mutum baya in ya faɗi, don ya daina gani sai ya yi ƙoƙari."

Ta juya ta kalli taga, ta ce ashe bishiyar bakin ofis ganyenta ɗaiɗai ne, ita koren dunƙule take gani. Ta kalle ni ta ce ashe ina da ƙuraje a goshi. Daga nan ta fashe da dariya, dariyar ta zarce ta zama kuka, ni ma na taya ta ban san dalili ba.

Na ce mu gaya wa Malam. Ta ce Allah ya kiyaye, cewa zai yi ta ga jarrabawa ta matso ne ta ƙirƙiro ciwo. Sai muka yanke mu fara da Innarta.

Innar Doguwa tela ce. Shagonta yana bakin layinmu, ɗan ƙarami, keke biyu a ciki, ɗaya tana aiki da shi ɗaya an lulluɓe shi da zane. Mun same ta da tef a wuya, fil a baki, ƙyallaye zube har bakin ƙofa.

"Inna," in ji Doguwa, "ashe wai ba na gani."

Inna ta zare fil ɗin daga bakinta. "Ba kya me?"

"Gani. Allon makaranta."

"Zo nan." Ta buɗe gwangwanin allurai ta zaɓo mafi ƙanƙanta, ta tsinko baƙin zare ta miƙa mata. Doguwa ta kai allurar dab da hancinta, sau ɗaya ta zura. Inna ta karɓa ta ɗaga mini ita. "Kin gani ko, 'yar nan? Ni da nake sana'ar sai na kira ta take zura mini. Ko magariba ta kawo kai yarinyar nan ba ta kuskure kafar allura. Idon da ya fi na kowa a gidan nan shi ne ba ya gani?"

Na so in yi mata bayanin da likita ya yi wa Babana lokacin da aka kai ni, cewa ganin kusa daban na nesa daban. Na buɗe baki ke nan, Inna ta riga ni.

"Ke karatu ne ya cinye miki ido, kowa ya shaida," in ji Inna. "Ita wannan me ta karanta?" Ta dafa kafaɗar Doguwa, ba da faɗa ba. "Ba kowane kai ne na boko ba, uwata. Ni ban ce dole ba. In ya ƙi, ga keke can na lulluɓe miki shi, ba wanda zai yi miki dariya a nan."

Doguwa ta rako ni gida har ƙofa.

"Ba ɗinkin na ƙi ba," ta ce. "So nake in gama kamar kowa. Kuma barandar nan, Tabarau. Kowa ya shige ya zauna, ke kina tsaye da jaka ana leƙen ki ta taga. Ba zan iya sake tsayawa a wurin ba."

A nan dabarar ta zo mini. Ni daga bencin gaba, in na ƙanƙance ido, ina iya cinto rubutun Malam ko babu tabarau. Ita kuwa babu shi babu allo. Matsalar ɗaya ce, in Malam ya shigo ya gan ni babu tabarau zai tambaya, domin bai taɓa ganin fuskata haka ba. Dole sai ya ba mu baya tukuna.

Dole kuma sai da Rediyo. Ita ce monita, ita ce ta biyu, a gefena take zaune, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa bencin taga take hari ba. Bakinta ba ya hutawa, shi ya sa sunan ya bi ta. Na yi ta juya maganar a raina kafin na iya gaya mata. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Wato ki makantar da kanki saboda 'yar Ƙauye? To ni me zai dame ni, gaba ta kai ni. Amma in an kama ku ban san ku ba." Ta rage murya. "Kuma ba ta layinki za a bi ba, akwai masu rawar hannu. Ta nawa za a bi. Ki naɗe shi a hankici."

Haka motar haya ta fara aiki, don sunan da 'yan aji suka sa wa abin ke nan. Da Malam ya juya ya ɗora alli a allo, sai in zare tabarau in naɗe in tura wa Rediyo, ita ta miƙa baya ta ƙarƙashin benci, hannu zuwa hannu, daga Birni har Ƙauye. In ya kusa cika allo a juyo da ita. In ya waiwayo ba shiri sai in sunkuyar da kai in tallafe goshi kamar mai zurfin tunani. Wasu sai sun ɗan gwada a hanya kafin su miƙa, Rediyo tana yi musu raɗa mai kama da tsawa: "Ba tasharku ba ce, a wuce da ita!"

Ba a banza abin ya tafi ba. Kullum da ciwon kai nake komawa gida, ita ma Doguwa haka, tunda ba don idonta aka yanka shi ba. A wani gwaji na kwafi uku a matsayin takwas, Rediyo ta fi ni maki, ta yini tana waƙa. Amma da yamma in na je shagon Inna sai in tarar da Doguwa a kan tarin ƙyallaye tana aikin gida, tana tambaya ta abubuwan da tun shekarar farko ya kamata a ce ta sani. Da na nuna mata sau ɗaya ta kama. Wani lokaci ta buga cinya ta ce, "Au! Dama abin ke nan? Shi ne ake ta wahalar da mu?"

Ranar da asiri ya tonu, murna ce ta jawo. Malam ya rubuta tambaya, ya juyo da wuri ya ce wa zai gwada. Motar ba ta dawo ba, na sunkuyar da kai. Sai na ji ya ce, cikin mamaki, "Ikon Allah. Yau hannu daga Ƙauye? Tashi mu ji."

Doguwa ta miƙe ta faɗi amsa, kuma daidai. Ta manta abin da yake fuskarta.

Malam bai ce madalla ba. Ya tura tabarau ɗinsa sama ya ƙura mata ido, sannan ya juyo ya kalle ni.

"Ɗago kanki."

Na ɗago. Fuskarsa ta canza, ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Ke," ya ce wa Doguwa, "don kin ga kin fi ta ƙarfi? Yarinyar da ko ƙuda ba ta iya korewa, ki ƙwace mata ido ki bar ta tana lalube? Tun yaushe ake wannan zaluncin a ajina? Ɗauki jakarki, mu je ofis."

Kowa ya san abin da ofis yake nufi. Cin zalin ƙanana dakatarwa ce, ga jarrabawa saura ƙiris. Wadda ba ta zauna jarrabawa ba kuwa ta faɗi, ba sai an kai ga baranda ba.

"Malam, ba ƙwata na yi ba," in ji Doguwa.

"Rufe mini baki. Monita, me kika sani?"

Rediyo, wadda ba a taɓa rasa magana a bakinta ba, ta kalli silin. Ta ƙarƙashin benci kuwa ta taka mini ƙafa da ƙarfi.

Na san in ba ni na faɗa ba, ba zai yarda da kowa ba. Doguwa ta riga ta rataya jaka, ta cire tabarau ɗin ta riƙe shi da hannu biyu tana tahowa. Na dafa benci na tashi.

"M-malam."

"Zauna, kada ki ji tsoron ta. Ni zan yi maganin abin."

"Ni na ba ta."

"Na ce kada ki ji tsoro."

"Ni na ba ta, Malam!" Yadda muryar ta fita da ƙarfi har ni sai da na firgita. "Kullum ni nake aika mata. Ba ta ganin allo. Tun shekarar farko ba ta taɓa gani ba. Ta zaci kowa a baya haka yake. Ta zaci hukunci ne."

Ban san sauran abin da na faɗa ba. Na dai san na ambaci allura, na ambaci bishiyar bakin ofis, ina yi ina haɗiyar kuka.

Malam ya daɗe a tsaye. Sannan ya ratsa tsakanin benci ya tafi har bangon baya, wurin da ban taɓa ganin ya taka ba. Ya zauna a mazaunin Doguwa kusa da tsintsiya, gwiwoyinsa sun tokare bencin gaba. Ya kalli allo. Ya cire nasa tabarau ya sake kallo. Ya jima a haka.

Da ya dawo sai ya goge allo ya rubuta layi ɗaya da irin rubutunsa na kullum. Ya karɓi tabarau ɗina ya miƙo mini.

"Koma jikin bango," ya ce wa Doguwa, murya ƙasa-ƙasa. "Ki riƙa tahowa a hankali. Inda kika iya karantawa ki tsaya."

Ta fara tahowa. Ta wuce Ƙauye gaba ɗaya. Ta wuce tsakiyar aji tana ƙanƙance ido. Muna ta bin ta da kallo, benci bayan benci, ba ta tsaya ba.

"Malam, a tare ta," in ji Rediyo, "ta kusa cinye ajin!"

Aka tuntsire da dariya, har Doguwa. Sai da ta zo benci na biyu daga gaba ta tsaya ta karanta. Malam bai yi dariya ba. Ya ciro hankici ya yi ta goge tabarau ɗinsa, alhali ba abin da ya same shi.

Ya je wurin shugabar makaranta a ranar. Ba mu san yadda suka yi ba, amma ya dawo fuska ba walwala, kuma tsarin benci bai canza ba. Washegari sai ga shi da wata 'yar kujera mara jingina, ya dire ta a gefen allo.

"Daga yau ajin nan yana da mai goge allo ta dindindin," ya ce. "Kuma mai goge allo ba ta zama nesa da aikinta. Ke, taso."

'Yan aji suka sa mata Hakimar Dasta. Kullum hannunta fari fat, gefen wuyanta yana ciwo saboda kallon allo a karkace, amma ko a jikinta.

Bayan an tashi Malam ya ce in raka shi shagon Inna. Ina gaba yana biye da jakarsa a hammata, 'yan layinmu suna leƙe. Inna ta rikice, ta share masa kujera da gefen zaninta.

"Malam, lafiya? Wani abin ta yi?"

"Ba ta yi komai ba, Inna. Idonta ne yake son likita."

Inna ta yi murmushi irin na wadda ta riga ta san ƙarshen zance, ta jawo gwangwanin allurai. Malam ya bari Doguwa ta zura. Sannan ya ce a ba shi shi ma. Ya cire tabarau ɗinsa, ya kai allurar dab da hanci, ya zura tsaf.

"Kin gani, ni ma gwani ne," ya ce. "Amma a haka in kika tsaya a bakin titi can, ba zan bambance ki da turken wuta ba." Ya leƙa waje. "Wace ce waccan mai tahowa da bokiti?"

"Ƙanwar Babanta ce," in ji Inna.

"Ke fa," ya ce wa Doguwa, "wa kika gani?"

Doguwa ta leƙa ta ƙanƙance ido. "Na ga dai mutum. Da shuɗin kaya."

"Gwaggonki ce fa!" in ji Inna. "Gwaggonki da ta goya ki!"

"Sai ta yi magana nake gane ta, Inna. Ko ta matso."

Ƙafar Inna ta sauka daga kan fedar keke. Ta kalli 'yarta kamar yau ta fara ganin ta.

"Ranar da Kawunki ya kawo ƙara kin wuce shi a hanya ba gaisuwa," ta ce a hankali, "har na sa miki hannu."

"Ban gan shi ba, Inna. Na gaya miki."

"Kin gaya mini." Ta ja bakin mayafinta ta toshe baki. Da ta sauke sai ta hau faɗa, faɗan da ba shi da mai shi, wai ita wace irin yarinya ce da ba za ta nace ba, wai mutum ya yi ta yawo a titi motoci suna wucewa. A nan ne na tuna yadda Doguwa take damƙe hannuna in za mu tsallaka. Na kalle ta, ta ɗauke kai tana dariya ƙasa-ƙasa.

Inna ta rufe shago ta kai ta asibitin ido. Layi ya yi yawa, sai da suka yi ta komawa, tabarau ɗin bai samu ba sai ana gobe jarrabawa. Baƙi ne mai kauri, ya fi nawa muni nesa ba kusa ba. Rediyo ta ce yanzu an shiga uku, sai a riƙa cewa Tabarau Babba da Tabarau Ƙarama.

Ba zan ce ta zama gwana ba. Abin da ya wuce ta na shekaru ba zai dawo a 'yan makonni ba. Ta fito daga jarrabawar lissafi tana cewa rabi ta sani, rabi kuma ta bar wa Allah.

Ranar ƙarshe muka jeru a barandar sabon aji da jakunkunanmu. Malam ya tsaya a bakin ƙofa. Rediyo ya fara kira. Ta yi wani tsalle, ta shiga tana taku ɗaiɗai, ta zauna a jikin taga ta kaɗe bencin da hankici. Aka kira wata, sannan ni. Na zaci abin zai yi mini ciwo. Ya ɗan yi, ba zan yi ƙarya ba, amma hankalina yana waje.

Birni ya cika. Tsakiya ta cika. Ta taga ina hango Doguwa ta fi kowa tsawo a cikin waɗanda suka rage, ta rungume jaka a ƙirji, tana kallon ƙasa. Duk wadda aka kira sai barandar ta ƙara faɗi. Aka fara cika Ƙauye. Na daina kallo, na kama gefen benci. Rediyo ta miƙo hannu ta bayan ta tsakiyarmu ta riƙe mini riga, bakinta yana motsi ba sauti.

Saura benci uku a cika aji Malam ya tura tabarau ɗinsa sama, ya yi gyaran murya.

"Mai goge allo," ya ce. "Shigo."

Ajin ya ɗauki ihu har sai da malamar tarihi ta leƙo. Doguwa ta shigo tana tafiya kamar ƙasa za ta tsage, ta wuce ni ba ta kalle ni ba, ta je ta zauna. Har yanzu Ƙauye ne, amma bakin gari, in ji Rediyo. Waɗanda suka rage a baranda Malam ya fita ya same su, na ga ya daɗe yana yi musu magana, daga baya ya sa su tsaya a jikin bango ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga musu yatsu daga nesa.

Muna jiran ya dawo sai na ji an ƙwala kira daga baya, irin kiran ƙofar gidanmu.

"Tabarau Ƙarama!"

Na waiwaya. Tana zaune ta miƙe wuya, baƙin tabarau ɗinta ya cika mata fuska.

"Ɗinki ya saki a kafaɗar rigarki, ta hagu. Tun daga nan nake hango zaren. In an tashi ki biyo mu kai wa Inna."